Ƙwayar ludo a kan tebur ba caca ba ce

A unguwar Nima da ke Accra, da zarar dattijo ya ga samari sun kewaye tebur suna jefa ƙwayar ludo, sai ya ce caca suke yi. Ban ga laifinsa ba, caca ta cinye jarin mutane da yawa. Amma wasan da samarin nan ke yi, wato wasan kwaikwayo na tebur, irin Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ba a zuba ko sidi ɗaya a cikinsa. Babu ma wanda ke cinye wani.

Tatsuniya ce ake ƙagawa tare. Mutum ɗaya ke jan labarin, ya ce: "Kun iso bakin kogi, gada ta karye." Sauran kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, da ƙarfinsa da rauninsa. Wani ya ce zai yi iyo. Nan ƙwayar ke shigowa, mai fuska 20: lamba babba ya haye, ƙarama ruwa ya ja shi, 'yan uwansa su nemi dabarar ceto shi.

Baba, in ka sake ganinsu, ja kujera ka saurara minti 10.