Muhawarar Masu Ra'ayin Kawo Sauyi kan Timor ta Gabas, 1999

Rikicin Timor ta Gabas na 1999 ya raba kan masu ra'ayin gurguzu da na kawo sauyi a Ostireliya da Amurka: a tura soja, ko a yanke wa Indonesiya tallafi?

Indonesiya ta mamaye yankin a Disamba 1975, akasari da makaman Amurka. A ƙuri'ar raba-gardama ta 30 ga Agusta 1999, kashi 78.5 cikin ɗari suka zaɓi 'yancin kai. Nan take 'yan banga da sojojin Indonesiya ke ɗaure wa gindi suka shiga ƙone-ƙone. An kashe kimanin mutum 1,400 a shekarar, an kuma kora fiye da 200,000 zuwa Timor ta Yamma.

Masu cewa a yanke tallafi sun yi hujja da cewa ƙasashen da ake roƙo su kawo ɗauki su ne suka shekara 24 suna ba wa mai ɓarnar makami da horo, don haka janye hannu ya isa. Masu cewa a tura soja, ciki har da jam'iyyar Democratic Socialist Party ta Ostireliya, suka ce takunkumi ba ya tsayar da mai adda a ƙofar gida.

Yanke tallafi yana da gurbin da yake yoyo. Bayan sojojin Indonesiya sun kashe masu zanga-zanga a maƙabartar Santa Cruz da ke Dili, babban birnin Timor ta Gabas, a 1991, majalisar Amurka ta cire Indonesiya daga shirin horon soja na IMET a 1992, amma sojojin Amurka suka ci gaba da horar da Kopassus, dakarun musamman na Indonesiya, ta wani shirin daban na atisayen haɗin gwiwa, JCET. Matakin kuma yana cizo ne kawai idan wanda aka yi wa yana cikin matsi. A 1999 Indonesiya na rataye da bashin IMF tun durƙushewar tattalin arzikinta a 1997.

A farkon Satumba Shugaba Clinton ya dakatar da hulɗar soja da Indonesiya, IMF ta dakatar da tattaunawa, ƙungiyoyin ƙwadagon Ostireliya suka ƙi taɓa kayan Indonesiya. Ranar 12 ga wata Shugaba Habibie na Indonesiya ya amince da dakarun waje. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1264 ranar 15, rundunar ƙasa da ƙasa ta INTERFET ta sauka Dili ranar 20, da yardar Jakarta. Kafin nan an riga an ƙone mafi yawan garin.