Ƙarfen gyaran haƙori: abin da iyaye da matasan Zariya ya kamata su sani kafin a saka

Ƙarfen da ake ɗaura wa haƙori magani ne, kuma aikinsa a cikin ƙashin muƙamuƙi yake gudana. Likita yana manna ƙananan ƙarafa a fuskar kowane haƙori, ya ratsa siririyar waya ta cikinsu, ya riƙe ta da 'yan robobi. Wayar tana tura haƙorin a hankali. Ƙashin da ke gefen da ake turawa yana narkewa kaɗan-kaɗan, sabo kuma yana tsirowa a wurin da haƙorin ya baro. Tafiyar ba ta wuce kusan milimita 1 a wata, shi ya sa aikin kan ɗauki wata 18 zuwa 24, wani lokaci fiye. Idan aka matsa da ƙarfi don a yi sauri, saiwar haƙori tana gajarta, haƙorin ya fara girgiɗi. Amaryar da ta zo saura wata uku biki tana son a daidaita mata haƙora, gara a faɗa mata gaskiya tun farko.

Ba kowane baki ne ke buƙatar ƙarfe ba. Wushirya ado ce a wajenmu, kuma idan dasashi lafiya yake, tauna na tafiya daidai, babu dalilin taɓa ta. Waɗanda ya kamata a kai wa likita su ne yaron da haƙoransa na sama suka turo waje har leɓe ba ya rufuwa, domin irin waɗannan haƙora su ne ke fara karyewa in ya faɗi a wajen ƙwallo. Sai wanda haƙoran ƙasa suka sha gaban na sama, da wanda in ya haɗa baki haƙoran gaba ba sa taɓa juna har ba ya iya gatsar nama, da wanda haƙoran ƙasa ke cizon dasashin sama, da kuma wanda haƙora suka cunkushe suna hawan juna ta yadda buroshi ba ya shiga tsakaninsu.

Wani abin gado ne, wani kuma da hannunmu muke jawo shi. Tsotsar yatsa da ta wuce shekara 4 zuwa 5 tana ture haƙoran sama waje. Haƙoran nono kuwa ana raina su da cewa ai za su fita, alhali su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi. In turmin yaro ya ruɓe aka cire shi tun lokacin famfara bai yi ba, na bayansa yakan matso ya cinye gurbin, sabon haƙori ya rasa inda zai fito sai a karkace. Don haka a kai yaro a duba bakinsa yana shekara 7, ko da ba ya kukan ciwo. Yawanci ba a saka ƙarfe a lokacin, an fi sakawa tsakanin shekara 11 da 14, amma akwai matsalolin muƙamuƙi da ke gyaruwa cikin sauƙi muddin yaro yana kan girma. In an bari ya gama girma, wasu sai an haɗa da tiyata. Babba ma ana saka masa ƙarfe, matuƙar dasashinsa da ƙashinsa suna da lafiya.

A fara da sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko wajen likitan haƙori mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, a nemi ya haɗa ku da wanda ya ƙware a wannan fanni. Kafin a manna komai, dole a ɗauki hoton ƙashin baki, a ɗauki awon haƙora, a cike duk wani rami, a wanke dattin da ya daskare a gindin haƙori. Idan wurin ya yi kaɗan, likita na iya cewa a cire haƙori biyu ko huɗu, galibi waɗanda ke bayan fiƙa, kuma giɓin yana rufewa a cikin aikin. Cire haƙorin sama ba ya taɓa ido, kada wannan jita-jita ta hana ku. Ku tambayi jimillar kuɗin tun daga farko, har da na zuwa dubawa da na abin riƙe haƙori bayan an gama, domin tsayawa a tsakiya ya fi rashin farawa muni. Ana komawa duk mako 4 zuwa 8. Mai ɗa a makarantar kwana ya yi wannan lissafi da hukumar makarantar.

Abin da ya fi damunmu shi ne ƙarfen gayu da ake tallatawa a intanet, wanda wani da bai karanci aikin ba yake mannawa a shago. Ko an ce na ado ne, waya a kan haƙori tana turawa, kuma babu wanda ya tsara inda za ta kai shi. Haka masu ɗaura roba a haƙoran gaba biyu don rufe tsakaninsu. Robar tana zamewa ta shige ƙarƙashin dasashi, ta bi saiwa tana cin ƙashi ba a gani, har haƙoran biyu su fita.

Kwana 3 zuwa 5 na farko, da bayan kowane ɗauri, haƙora za su yi tsami. Farasitamol ya isa, a sha kunu, fate ko tuwo mai laushi. Inda ƙarfe ke gogar kumatu a manna kakin da likita ya bayar, a kuskure baki da ruwan ɗumi mai gishiri. Rake, goriba, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, kilishi, tauna ƙashi da ƙanƙara duk sai an haƙura da su, haka cingam da alewa mai danƙo. Masu cin goro su ma su ajiye, ko su gurza shi. Duk ƙarfen da ya ɓalle yana ƙara wa aikin makonni, kuma kada a jira ranar dubawa, a koma a gyara.

Tsafta ce ke raba mai kyakkyawan sakamako da mai nadama. Abinci yana maƙalewa a kewayen ƙarafan, in ya kwana ƙwayoyin cuta su fitar da tsami mai cin fuskar haƙori. Ranar da aka cire ƙarfen sai a tarar da fararen tabo a zagaye da inda yake, wasu ba sa gogewa har abada. A goge baki da man da ke da fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, na minti 2, safe da dare da bayan cin abinci, saman waya da ƙasanta, sannan a bi tsakanin ƙarafan da ƙaramin buroshin da aka yi don haka. Asuwaki a yi shi da taushin hannu, kuma ba zai maye gurbin buroshi ba a wannan lokaci. Dasashi mai jini alama ce ta gugar ba ta isa ba, a ƙara kula maimakon a daina.

Bayan an cire ƙarfe haƙora suna ƙoƙarin komawa inda suka fito, musamman a shekarar farko. Likita zai ba da abin riƙewa, ko na roba da ake sawa a cire, ko siririyar waya da ake mannawa ta bayan haƙoran gaba. Na cirewa ana sa shi yadda likita ya tsara a watannin farko, daga baya kullum da dare, shekara da shekaru. In ya ɓace ko ya fashe a koma a yi wani cikin kwanaki kaɗan, domin makonni kaɗan sun isa haƙora su gusa har tsohon abin riƙewar ya daina shiga.