Ƙungiyar ƙwadago da ingancin kayan masana'anta: tambayoyi da amsoshi

A Gombe in aka ambaci ƙungiyar ƙwadago, yajin aiki da rigimar albashi ne ke zuwa ran mutane. Amma tana da hannu har a cikin buhun simintin da kake saya.

Me ya haɗa ƙungiya da inganci?

Ma'aikacin da ke da albashi mai kyau da tabbacin aiki ba ya saurin barin wuri, kuma daɗewa ce ke kawo ƙwarewa. Ɗauki aikin siminti, irin wanda ake yi a Ashaka, ƙaramar hukumar Funakaye, tun 1979. Ana gasa dutsen farar ƙasa a tanderu mai zafin kusan digiri 1,450. Wanda ya shekara da shekaru gaban wannan tanderu yakan gane matsala tun daga ƙarar inji, kafin a kai samfur ɗakin gwaji.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne bakin magana. Mai ƙungiya a bayansa zai iya ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, kayan nan ba su yi ba," ba tare da fargabar kora ba. Ɗan wucin gadi kuwa gani zai yi ya kama bakinsa, domin gobe ma yana son a kira shi aiki.

To yajin aiki fa, ba ya ɓata kaya?

Yana ɓatawa. A 1994 ma'aikatan kamfanin taya na Firestone a Amurka suka tafi yajin aiki, kamfanin ya ɗauko wasu ya maye gurbinsu. A 2000 sai da aka janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa bayan haɗurran da suka ci rayuka. Masana tattalin arziki biyu, Alan Krueger da Alexandre Mas, sun bi diddigi a 2004, suka gano tayoyin da aka yi a masana'antar kamfanin da ke garin Decatur lokacin rikicin sun fi lalacewa. Lahanin ya yi yawa musamman sa'ad da tsofaffin ma'aikata suka dawo suna aiki kafaɗa da kafaɗa da waɗanda aka sa a madadinsu, kowa da ƙullin zuciya.

Kenan gara kamfani ya zauna ba ƙungiya?

A'a. Masana'antar motoci ta General Motors a garin Fremont na Amurka ta yi ƙaurin suna wajen rigima da kaya marasa kyau, aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota. Ƙungiyar ba ta sauya ba, akasarin ma'aikatan ma su ne na da. Tsarin aiki aka sauya, aka ba kowane ma'aikaci ikon tsayar da layi in ya ga lahani. Cikin ɗan lokaci motocin suka kusa kamo na Japan a inganci.

Ƙungiya ba ta da laifi ke nan?

Tana da shi. In ta tsaya kare malalaci, ko ta ƙi sabon inji ba tare da dalili ba, mai saye ne ke kwana ciki.

A nan gida wa ke da alhakin inganci?

A hukumance SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, da NAFDAC, mai kula da abinci da magunguna. Sai dai jami'insu ziyara yake kawowa ya tafi, ma'aikaci ne ke gaban inji dare da rana. Shi ya sa nake so manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, in sun zauna da masu kamfanoni a Gombe da Bauchi, su sa horar da ma'aikata, gyaran injuna da rage aikin wucin gadi cikin yarjejeniya a rubuce, kamar yadda suke rubuta albashi.