Tallafin karatun digiri na biyu da na uku a fannin ilimin muhalli: tambayoyi da amsoshi

Shi wannan fannin, ba shi ne kimiyyar muhalli ba?

A'a, kuma masu neman tallafi da dama a nan suke fara yin tuntuɓe. Masanin kimiyyar muhalli zai ɗebi ruwan kogi ya auna gubar da ke ciki. Shi kuwa mai ilimin muhalli da ci gaba mai ɗorewa mutanen bakin kogin yake kallo: me suka sani, wa ya koya musu, me ake faɗa wa 'ya'yansu a aji, me zai sa su sauya hali. Shi ya sa galibi a tsangayar ilimi ake samun kwas ɗin. Fannin ya kafu sosai ne bayan taron da UNESCO ta shirya a birnin Tbilisi a 1977. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa shekarun 2005 zuwa 2014, sannan a 2015 ya shiga muradun ci gaba mai ɗorewa a sashe na 4.7.

Bambancin yana taɓa aljihu. Asusu irin PTDF na Najeriya an kafa shi ne don horar da ma'aikatan harkar man fetur da iskar gas, don haka mai son nazarin manhajar firamare bai kamata ya ɗora ransa a kai ba.

A ina ake karanta shi?

A Afirka, sunan da ya fi fita shi ne Jami'ar Rhodes da ke Makhanda a Afirka ta Kudu, garin da a da ake kira Grahamstown. Tana da cibiyar bincike ta musamman kan koyon al'amuran muhalli, inda Farfesa Heila Lotz-Sisitka ta daɗe tana yaye ɗalibai daga ƙasashen nahiyar. Jami'ar Kalaba tana da sashen ilimin muhalli. Jami'ar Edinburgh a Birtaniya tana da digiri na biyu a fannin. Akwai kuma shirin WASCAL, mai hedkwata a Akra, wanda Jamus ke zuba wa kuɗi: ya rarraba fannonin sauyin yanayi a jami'o'in Afirka ta Yamma, Yamai ta samu makamashi, Jami'ar Gambiya kuma ta samu sauyin yanayi da ilimi. Najeriya da Nijar da Gana duk suna cikin shirin, kuma wanda aka ɗauka ana ɗauke masa nauyin karatunsa.

Na ji gwamnatin Afirka ta Kudu tana ba da tallafi mai kauri. Baƙo zai samu?

Zai iya, amma ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Hukumar bincike ta ƙasar, NRF, ta fara aiki da sabon tsari a 2021 wanda ya ware kashi 95 cikin ɗari ga 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin. Kashi 5 da ya rage shi duk sauran duniya ke wawaso. Tsarin ya kuma sa iyakar shekaru, 30 ga mai neman digiri na biyu, 32 ga na uku, da matsakaicin maki 65 cikin ɗari a digirin da ya gabata. A ganina ƙa'idar shekarun ta fi cutar da wannan fanni fiye da sauran, domin mutanensa na gaske malaman makaranta ne da jami'an gandun daji da ma'aikatan ƙungiyoyi, waɗanda sai sun sha aiki shekara goma kafin su gane tambayar da ke damunsu.

To wace ƙofa ce ta fi buɗuwa?

Ga matashi, Gidauniyar Mandela Rhodes tana ɗaukar ɗan kowace ƙasar Afirka da bai kai shekara 30 ba, ya yi karatu a Afirka ta Kudu. Ga wanda ya yi aiki, Chevening ta Birtaniya tana neman ƙwarewar shekara biyu, wato awa 2,800, da alƙawarin komawa gida a zauna shekara biyu bayan kammalawa. Akwai tallafin Commonwealth, wanda ke da reshen karatu daga nesa, abin da ya dace da malamin da ba zai iya barin aji da iyali ba. DAAD ta Jamus tana da tsarin da ke biya wa ɗan Afirka karatu a ƙasarsa ko a wata ƙasar nahiyar. Malaman jami'o'i da kwalejojin ilimi na gwamnati a Najeriya suna da TETFund, sai dai ta dakatar da sababbin guraben ƙasashen waje daga farkon 2025, ta karkata ga karatun cikin gida.

Amma kuɗin da ya fi dacewa da wannan fanni sau da yawa ba ya fitowa a manyan sanarwa. Yana hannun farfesan da ya samo kuɗin wani aikin bincike na shekara uku ko huɗu, a ce kan ruwa ko horar da malamai, kuma a cikin kasafin akwai gurbin ɗalibi biyu ko uku. Irin wannan gurbi wanda farfesan ya riga ya san aikinsa ke samu.

Ke nan malami zan fara nema kafin kuɗi?

Ga digiri na bincike, ƙwarai kuwa. Ka karanta maƙalarsa biyu ko uku, sannan ka aika masa gajeren saƙo da daftarin bincikenka. Daftarin nan shi ne komai. Wanda ya rubuta “zan binciki tasirin sauyin yanayi a kan ilimi a Najeriya” bai ce komai ba, irinsa sun cika akwatin saƙon farfesan. Kwatanta da wanda ya ce zai zauna da malaman firamare a garuruwan dausayin Haɗeja da Nguru, ya ga yadda suke koyar da ambaliya da ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, alhali littafin da ke hannunsu bai ambaci ko ɗaya ba. Ko wadda za ta bi diddigin yadda manoman Maraɗi suka koya wa juna sassaben zamani tun shekarun 1980, suna barin kututture ya tofo a gona maimakon a tumɓuke shi, har bishiyoyi suka dawo a miliyoyin kadada ba tare da an shiga aji ba. Mai karanta wannan zai ga wuri, ya ga mutane, ya kuma ga cewa mai jin Hausa ne zai iya aikin.

In an ce an ba ni, shi ke nan na huta?

Sai ka karanta takardar sharuɗɗa layi-layi. Wani tallafin kuɗin makaranta kaɗai yake biya, haya da abinci suna wuyanka. Wani yana ba da alawus amma babu kuɗin fita bincike, kuma a wannan fanni fita ita ce karatun: mota zuwa ƙauye, na'urar naɗar murya, ɗan abin da za a ba wanda ya rubuta hirarraki, lemo da ruwa na ranar zama da malamai. Mai zuwa Afirka ta Kudu zai biya hukumar SAQA ta tantance digirinsa, kuma bizar karatu tana buƙatar inshorar lafiya ta can. Ka tambaya ko ana sabunta kuɗin kowace shekara ne bisa rahoton ci gaba, da abin da zai faru in wa'adi ya cika ba ka miƙa kundi ba, domin akwai yarjejeniyar da ke cewa wanda ya yar da karatu zai mayar da abin da ya ci.

Yaushe zan fara shiri?

Shekara guda kafin lokacin da kake son shiga aji. Jami'o'in Afirka ta Kudu suna buɗe zango ne a Fabrairu, na Birtaniya a Satumba, kuma ana rufe karɓar takardun tallafi watanni da yawa kafin nan. Abin da ya fi cin lokaci shi ne fito da cikakken sakamakonka daga tsohuwar jami'arka da samun wasiƙun malaman da za su tsaya maka, don haka da su za ka fara. Duk waɗannan hukumomi masu ba da tallafi da aka ambata kyauta ake cike fom ɗinsu. Wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp yana neman kuɗin fom da sunansu, ɗan damfara ne.