Firaktikal ɗin Bayoloji na Shekarar Farko a Jami'a: Nau'o'in Halittu da Nazarin Daji

Wannan kwas ne da ɗaliban kimiyya ke yi a shekararsu ta farko a jami'a, wato lebul 100, rabinsa a lab rabinsa a waje cikin ciyawa da bakin rafi. Abu biyu ake so ɗalibi ya fita da su, na ɗaya ya iya kallon tsiro ko ƙwaro ya san rukuninsa da sunansa, na biyu kuma ya iya ƙirga halittun wuri ta hanyar da in wani ya zo bayansa ya maimaita zai samu kusan abin da ya samu. A Kumasi sashen bayoloji na jami'ar KNUST, wadda kowa ke ce wa Tek, yana koyar da irin wannan, a Ankara, babban birnin Ghana, kuma akwai shi a Jami'ar Ghana da ke Legon. Suna da lambar kwas ɗin kan canza daga jami'a zuwa jami'a amma aikin kusan ɗaya ne, kuma yaran zongo na Aboabo da Asawase da Ayigya ko Nima da Madina da suka shiga layin kimiyya da wuya su tsallake shi.

Asalin dabarun

Kusan kowane kayan aiki da ake miƙa wa ɗalibi a wannan kwas yana da tarihinsa. Tsarin ba halitta suna mai kalma biyu da Latin, kamar Adansonia digitata na kuka ko Cola nitida na goro, daga Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafu, na tsirrai ana ƙirga shi daga 1753 na dabbobi kuma daga 1758. Sunan fannin ikoloji, wato nazarin yadda halittu ke zama da juna da muhallinsu, Ernst Haeckel Bajamushe ne ya fito da shi a 1866. Kwadarat kuwa, murabba'in da ake ajiyewa a ƙasa a ƙirga abin da ke ciki, ana danganta shi da Roscoe Pound da Frederic Clements waɗanda suka yi aiki a filayen ciyawar Nebraska ta Amurka wajajen 1898, kafin su mutum kan tsaya ne ya dubi fili ya ce ciyawa kaza ta fi yawa, su kuma suka ga ido yana yaudara, suka ce sai an ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Lissafin da ake auna yawan nau'o'i da shi ya zo daga baya, na Claude Shannon a 1948 wanda tun asali don harkar aika saƙonni ya yi shi, da na Edward Simpson a 1949. Maganar kare nau'o'in halittu ta duniya kuwa sai a tsakiyar shekarun 1980 ta yi ƙarfi, har ta kai ga yarjejeniyar Rio ta 1992 da Ghana ta amince da ita a 1994.

Tarihinsa a Ghana

Nan ne labarin ya fi daɗi. Tun kafin a yi jami'a ko ɗaya, wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Peter Thonning ya zauna a gaɓar Ankara daga 1799 zuwa 1803 yana tara tsirrai yana busarwa yana rubuta amfaninsu kamar yadda mutanen wurin suka gaya masa. Da yawa daga abin da ya tara ya ƙone a 1807 lokacin da sojojin ruwan Ingila suka yi wa birnin Kofanhagan ruwan wuta, sai kwafin da ya raba wa wasu masana da rubuce-rubucensa suka tsira, aka buga bayaninsu wajajen 1827. Akwai wani jan tsiro da ke fitowa a ƙasan kurmi yana shan abincinsa daga saiwar bishiyoyi, Thonningia sanguinea, sunansa aka sa masa.

Bayan nan Turawan Ingila suka buɗe lambun Aburi a 1890, aka kafa ma'aikatar gandun daji a 1909, dokar keɓe dazuzzuka ta fito a 1927, kuma a wannan shekarar ce T. F. Chipp, ma'aikacin gandun daji, ya fitar da nazarinsa kan yadda itatuwan kurmin ƙasar nan suke zama rukuni-rukuni. Amma wanda ya fi shafarmu shi ne J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewacin Najeriya daga baya kuma ya zo nan. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kowane suna da takwaransa na Latin, a 1937 kuma ya fitar da babban kundinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, har yau masana suna komawa gare shi. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne waɗannan sunaye da amfaninsu ba daga Turai aka zo da su ba, daga bakin manoma da wanzamai da masu magani da mata masu miya aka karɓe su, shi dai ya yi ƙoƙarin rubutawa da haɗa su da na kimiyya. F. R. Irvine, malami a Achimota, ya yi irin wannan aiki kan tsirran ƙasar nan a 1930 da 1961.

Jami'ar Legon ta fara a 1948 a matsayin kwaleji, ta Kumasi kuma ta fara karɓar ɗalibai a 1952 kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, lambun tsirran ta an kafa shi wajajen 1960. Daga ma'ajiyar busassun tsirrai ta Legon ne J. B. Hall da M. D. Swaine suka zagaye kurmin ƙasar suna yanka fili mita 25 tsawo mita 25 faɗi suna rubuta duk tsiron da ke ciki, aikin ya fito a 1981, kuma rabon da suka yi wa kurmin Ghana bisa yawan ruwan sama shi ne ake koyarwa har yanzu. A wannan rabo Kumasi ta faɗa cikin kurmi mai laima wanda wasu manyan itatuwansa ke zubar da ganye da rani.

Aikin cikin lab

Yawanci zama ɗaya ne a mako na kamar awa uku, da farar riga da fensir, masu hidimar ƙasa da ma'aikatan lab su ne ke zagayawa tsakanin benci. Ana farawa da madubin ƙara girma, a ɗiga ruwan kududdufi a kan gilashi a ga ƙananan halittu suna iyo, sai funfunar burodi, gansakuka, naman kaza, daga nan a hau zuwa tsirrai masu fure da ƙwari da kifi da kwaɗi. Duk abin da ka gani sai ka zana shi da hannu ka rubuta sau nawa aka ƙara girmansa. Ana kuma koyon aiki da mabuɗin gane suna, wanda tambayoyi ne bi-biyu, ganyen nan ɗaya ne ko ya rarrabu, yana da ƙaya ko babu, kana amsawa kana gangarawa har ka isa suna.

Aikin fili

Ranar fita ita ce zuciyar kwas ɗin. Ana raba ɗalibai gungu-gungu, a ba kowane gungu tef ɗin awo, igiya, turaku, kwadarat na katako ko na faif mai mita ɗaya ko'ina, ragar kama ƙwari, kwalabe da sifirit mai ƙarfin kashi 70, da tarin tsofaffin jaridu na danne ganye. Doka ta farko ba ka zaɓar inda za ka ajiye kwadarat da son ranka, don ɗan Adam kullum idonsa na kai shi inda fure yake ko inda babu ƙaya, shi ya sa ake amfani da lambobin ƙuri'a a auna taku kaza gabas taku kaza arewa, in ya faɗa kan suri ko cikin ƙaiƙayi to nan ɗin za a durƙusa. Sai a ƙirga, mutum ɗaya na tsugune yana buɗa ciyawa da yatsa yana faɗa, ɗaya na rubutawa, wanda ba a gane ba a tsinko shi da furensa a ba shi lamba a sa tsakanin jarida. Ciyawar da ke yaɗo ba a iya ƙirga ta ɗaya-ɗaya, sai a kimanta kashi nawa cikin ɗari na murabba'in ta rufe.

In ana so a ga yadda tsirrai ke canzawa daga wuri zuwa wuri sai a ja igiya doguwa, misali daga bakin rafin Wiwi da ya ratsa harabar Tek zuwa tudu, ana tsayawa duk bayan mita biyar ko goma. Manyan itatuwa kamar odum da wawa da rimi ana auna kaurinsu ne a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, rimi kuwa da yake gindinsa na da fukafukai sai an hau sama da su a auna.

Dabbobi ba sa tsayawa a ƙirga su, don haka akwai dabarar kama-ka-saki da ake dangantawa da Petersen a 1896 da Lincoln a 1930. A ce an kama dodon koɗi 40 an ɗiga musu fenti a bayan ƙwarya an sake su, bayan kwana biyu aka sake kama 50 aka tarar 10 na da fenti, to tunda ɗaya cikin biyar ne mai alama, 40 ɗin nan ɗaya cikin biyar ne na duka, kenan akwai kamar 200 a wurin. Lissafin na rushewa in fentin ya goge ko ya sa tsuntsu ya fi ganin mai alamar, kuma ana so ɗalibi ya faɗi haka a rifot ɗinsa.

A rafi ana tona ƙasan duwatsu a tare da raga. Inda ruwa ke da tsabta ana samun 'ya'yan ƙwari iri-iri masu buƙatar iskar ruwa sosai, inda kwata da bola suka shiga kuwa sai jajayen tsutsotsi da na sauro su mamaye, ɗalibin da ya taso kusa da rafin Aboabo ko Subin ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Lissafi

Yawan nau'i kaɗai ba ya isa. Fili biyu kowanne da itace 100 da nau'i huɗu, na farko 25 kowane nau'i, na biyu kuwa 97 nau'i ɗaya ne sauran ukun ɗai-ɗai, a ma'aunin Simpson na farko zai ba da 0.75 na biyu kusan 0.06, wato na farko ya fi bambancin nau'o'i nesa ba kusa ba ko da yake yawan nau'insu ɗaya ne.

Wuraren da ake zuwa

Daga Kumasi akwai dajin Bobiri kusa da Kubease a kan hanyar Ankara, an keɓe shi a 1939, ana ƙiyasta yana da nau'in malam-buɗe-littafi kusan 400, cibiyar binciken gandun daji ta FORIG da ke Fumesua ce ke kula da sashensa na bincike. Akwai Owabi da ke kewaye da dam ɗin ruwan shan birni na 1928, wurin tsuntsaye sama da nau'i 160, sai tafkin Bosomtwe wanda dutsen da ya faɗo daga sama ya haƙa shi sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Ko cikin gari ma akwai jemagu masu cin 'ya'yan itace da ke rataye dubu-dubu a gidan zu kusa da Kejetia, danginsu ne na wajen asibitin sojoji na 37 a Ankara. 'Yan Legon su kan je tsaunukan Shai da tafkin Sakumono da Aburi, kuma suna da sa'ar ganin filin ciyawa a bakin teku saboda ruwan saman Ankara bai kai na Kumasi ba, kusan rabinsa ne.

Baƙin tsirrai

Da wuya a ajiye kwadarat a tsohuwar gona a kudancin Ghana ba a ci karo da Chromolaena odorata ba, ciyawar da ake kira Acheampong, sunan tsohon shugaban mulkin soja na Ghana, saboda ta yaɗu ne a zamanin mulkinsa na 1972 zuwa 1978, ko da yake an ce ta shigo tun wajajen ƙarshen shekarun 1960, asalinta kuma daga nahiyar Amurka ne. Haka itacen York, Broussonetia papyrifera, da aka kawo wajajen 1969 don gwajin yin takarda ya kuɓuce ya cika gefen dazuzzukan Asante. Dogon yaro ma baƙo ne daga Indiya, ya bazu a filayen Ankara.

Ɗaliban zongo da sunaye

Yaron zongo kan shigo da sunayen itatuwan arewa a bakinsa, kaɗanya, ɗorawa, maɗaci, tsamiya, alhali galibinsu a kasuwa ya san su, man kaɗe da daddawa da ɓawo, bai taɓa ganin bishiyar a tsaye ba, itatuwan kurmin da ke kewaye da shi kuwa da harshen Twi ake kiransu. Masu himma kan ɗauki ganyen da ya gagara su kai wa tsoho mai sayar da sassaƙe, a gaisa, a ce "Baba don Allah a duba mana wannan", shi kuma ya murza ya shinshina ya ce "ɗana, wannan ai marke ne", daga nan a bi sunan zuwa na Latin. Hanya ce mai kyau amma sai an tabbatar da fure ko 'ya'ya, domin suna ɗaya na Hausa kan rufe nau'i biyu ko uku.

Saɓani

Masana ba su daidaita kan ko rukunin tsirrai abu ne mai iyaka kamar yadda Clements ya ce a 1916, ko haɗuwa ce kawai ta kowane nau'i da bukatarsa kamar yadda Henry Gleason ya ce a 1926, yawanci yau sun fi karkata ga Gleason. Wasu malamai na ganin kashe ƙwari don ajiya ya zama dole, wasu sun fi son hoto a waya. Batun galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a kogunan Offin da Oda da batun haƙar ma'adinin boksait a dajin Atewa sukan shigo aji, masu goyon baya na maganar aiki da kuɗin shiga, masu adawa na maganar ruwan sha da halittun da ba a samunsu a wani wuri.