Igiyar kashe inji: mece ce, kuma me ya haɗa ta da sitiyarin jirgin ruwa?

Igiyar kashe inji wata 'yar igiya ce mai naɗi irin na wayar tarho ta da, galibi ja. Bakinta ɗaya yana maƙale a wani makunni kusa da sitiyari, ɗaya bakin kuma a jikin matuƙi. Muddin 'yar robar da ke bakin igiyar tana cikin makunnin, inji zai ci gaba da aiki. Da zarar matuƙi ya bar mazauninsa, ko ya faɗa ruwa, igiyar za ta fizge robar, wuta ta yanke, inji ya mutu nan take. Aikinta ke nan. Wanda bai san yadda jirgin ruwa mai gudu yake juyawa ba, zai iya raina ta.

Jirgin ruwa ba shi da birki, ba shi da taya da za ta kama ƙasa. A ƙananan jirage masu inji a baya, injin ne gaba ɗaya yake karkata hagu ko dama, farfela ta tura ruwa ta wannan ɓangaren, jirgi ya juya. Abin da ke haɗa sitiyari da inji ko dai kebul ne na ƙarfe, ko kuma bututun mai na haidirolik. Kebul yakan yi tsatsa a cikin rigarsa, musamman a ruwan gishiri, ya ƙage ko ya tsinke. Na haidirolik kuwa mai yakan yoyo, ko iska ta shiga bututu, sai ka ji sitiyari ya yi laushi, kana murzawa inji bai amsa ba. Wani lokaci ma noti ɗaya ne zai kwance a sandar da ta riƙe injin.

To a nan ne matsalar take. Mai mota zai ɗauka cewa idan sitiyari ya saki, jirgi zai miƙe ne kawai. Ba haka ba ne. Farfela tana juyawa ta gefe ɗaya, kuma wannan juyin yana jan injin zuwa gefe da ƙarfi. Hannun matuƙi da kebul ne suke danne wannan jan. Idan suka saki, sai injin ya karkata har ƙarshe a lokaci guda. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka babu wani lokacin yin dabara. Gaban jirgi zai caki ruwa, bayansa ya wulwulo, duk wanda ke ciki a watsar da shi waje. Jirgin kuma ba tsayawa zai yi ba. Totur na nan a buɗe, inji a karkace, sai ya riƙa kewaya wuri ɗaya yana dawowa kan mutanen da ya zubar, farfela na sara. Masu harkar suna kiran wannan kewayen zagayen ajali, kuma sunan ya dace da shi.

Ba sai sitiyari ya lalace ba ma. Ranar 5 ga Mayu 2013, a Padstow da ke yankin Cornwall na Ingila, wani jirgi ya yi kwana mai tsanani da gudu, ya watsar da iyali mai mutum shida. Ba wanda ya ɗaura igiyar a jikinsa. Jirgin ya yi ta zagaye a kansu, uba da 'yarsa mai shekara 8 suka rasu, wasu biyu suka ji munanan raunuka. Sai da wani ya matso da nasa jirgin, ya yi tsalle ya shiga, sannan aka tsayar da shi. A Amurka kuwa, tun 1 ga Afrilu 2021 doka ta wajabta wa matuƙan jiragen shaƙatawa da tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba su ɗaura wannan igiya idan suna gudu.

Kada dai a ɗora mata abin da ba nata ba. Igiyar ba ta hana sitiyari lalacewa, ba ta hana mutum faɗawa ruwa. Wancan aikin duba kebul ne da mai da notoci kafin a tashi, shi ya sa jirage masu tsananin gudu suke amfani da kebul biyu ko haidirolik mai ƙarfi. Manyan jiragen tsere na teku ma sun wuce nan: bayan mutuwar Stefano Casiraghi, mijin Gimbiya Caroline ta Monako, a gasar 1990, an koma ga rufaffen ɗakin tuƙi mai bel da iskar shaƙa, inda ake so matuƙi ya tsaya a ciki maimakon a jefar da shi.

A ganina, babban aibin igiyar shi ne sauƙinta. Mutum zai cire ta don ya ɗaure jirgi ko ya miƙa wa wani abu, ya dawo ya manta, ya bar ta tana lilo a jikin makunni. A jirgi mai sitiyari an fi so a zagaya ta a ƙafa, saman gwiwa, domin a wuyan hannu takan zame ko ta harɗe da sitiyari. Rana da gishiri suna cinye ta, don haka idan ta saki jiki ta daina komawa naɗinta, a canza. Gwajinta ba wuya: a tada inji ba a giya ba, a fizge ta, a ga ko ya mutu. Yanzu akwai irin marar igiya, wata 'yar na'ura da ake ratayawa, wadda ke kashe inji idan mai ita ya faɗa ruwa. A kuma ajiye igiya ta biyu a cikin jirgi, kowa ya san inda take, domin idan matuƙi ya tafi da ta farko cikin ruwa, da ita ce waɗanda suka rage za su tada inji su koma su ɗauko shi.