Hular kwano a kai take aiki, ba a rataye a jikin keke ba

Masu hawan keke don motsa jiki, musamman ku da kuka fi son titunan karkara masu hawa da gangara da waɗanda suka ratsa ta cikin daji, yau da ku nake. Wallahi ina son abin nan da kuke yi. Mu ma'aikatan lafiya kullum roƙon mutane muke su motsa jiki saboda hawan jini da ciwon suga da ƙiba, ku kuwa babu wanda ya roƙe ku, da kanku kuka tashi. Ba na so ko mutum ɗaya ya jingine kekensa saboda abin da zan faɗa.

Amma akwai hali ɗaya da ya ishe ni, na kuma gaji da ganin abin da yake jawowa.

Ana kawo mana waɗanda suka faɗi daga keke a asibiti, kusan labarin iri ɗaya ne. Goshi a fashe, riga a yage ta kafaɗa, tsakuwa ta nutse a fatar kumatu sai an bi ana tsince ta ɗaya bayan ɗaya. In tambayi abokin da ya rako shi: yana da hular kwano? Yana da ita. Tana ina lokacin da ya faɗi? Sai a yi tsit. Can sai a ce ai zafi ne ya dame shi a wajen hawa, ya cire ta ya rataye a jikin keken, da aka kai saman tudu kowa ya saki keke, shi ma ya bi, bai tuna da ita ba. Wani kuma tana kansa, amma igiyar a sake tana lilo a gefen kunne, da ya sha ƙasa hula ta yi gabas kai ya yi yamma. Hular a kawo ta lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Mai ita kuwa yana kwance bai san ranar da ake ciki ba, yana ta maimaita tambaya ɗaya, a ba shi amsa, ya sake yin ta.

Haba jama'a! Ka kashe kuɗinka ka sayi abu don ya kare maka kai, ka ɗauko shi tun daga gida, sannan daidai wurin da ake buƙatarsa ka cire?

Na san hawa da wuya. Gumi na zuba a ido, numfashi na fita da ƙyar, kai ya ɗauki zafi. Amma a hawan nan gudunka bai fi kilomita 10 ko 12 a awa ba. A gangara kuwa, ko feda ba ka taka ba, keken tsere zai kai ka 50 har 60. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin buguwa ninki huɗu yake yi, haka ma nisan da kake buƙata kafin birki ya tsayar da kai. Wato inda haɗarin ya fi yawa, nan ne kanka yake a buɗe.

Titin daji kuma yana da nasa sharrin. Rana na ratsowa ta tsakanin ganye, haske da inuwa su yi ta musanya, ido bai gama sabawa da ɗaya ba ya shiga ɗayan, rami yana gabanka ba ka gan shi ba. Inda itatuwa suka rufe, raɓa takan daɗe ba ta bushe ba, ko da sauran titin ya bushe ƙayau. Ganyen da ya zubo ya jiƙe santsi gare shi, tayar keken tsere kuwa siririya ce. Ruwan sama yakan kwaso yashi da tsakuwa ya zube su a kan kwana, daidai inda kake karkata keke. Ga reshe da ya karyo, ga dabba da za ta faɗo titi ba zato, ga mota da ta ci rabin hannunka a kwanar da ba a hango bayanta. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya jiran ka tsaya ka ɗaura igiya.

Masu ce mini ai sun ƙware, sun shekara suna hawa ba su taɓa faɗuwa ba, ku saurara. Fabio Casartelli ɗan Italiya shi ya ci lambar zinariya ta tseren keke a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992. A watan Yulin 1995, a gasar Tour de France, ya faɗi yana gangarowa daga wani tudu a tsaunukan Pyrenees, kansa babu hular kwano, ya rasu yana ɗan shekara 24. A watan Maris na 2003 Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi a gasar Paris-Nice, shi ma kai a buɗe, washegari ya rasu. Bayan wannan ne hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta tilasta wa ƙwararru sa hular a shekarar. Da farko ta ɗaga musu ƙafa su cire a dogon hawan ƙarshe idan a saman tudu za a kammala tseren, daga baya ma wannan rangwamen ta soke shi. Ka fi waɗannan mutanen iya keke ne?

Wasu kuma sai su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, rai a hannun Allah yake. Amma wanda ya ba ka ran shi ya ba ka hankalin kula da shi. Karayar kafaɗa muna ɗorawa ta warke, fata ta saɓule ta sake tofowa. Kai kuwa ba ƙwarya ba ne da za a ɗinke a ci gaba da amfani da ita. Na ga waɗanda suka rayu amma magana ta canza, mantuwa ta kama su, aiki ya gagara, iyali suka koma jinya. Abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Kada kuma wani ya ɗauka hular lasisin gudu ce. Gwajin da ake yi mata bisa ƙa'idar Turai na buguwa ne a gudun da ya kai kimanin kilomita 20 a awa. Gino Mäder, shi ma ƙwararren ɗan tseren keke, yana sanye da tasa lokacin da ya faɗi a gangarar Albula a ƙasar Suwizalan a watan Yunin 2023, bai tashi ba. Hular tana rage rauni sosai, amma sai an haɗa da hankali. Ga abin da nake roƙo, a gurguje:

- Hula a kai tun daga ƙofar gida har a dawo. In zafi ya yi yawa, tsaya a inuwa, sauka, cire, sha ruwa, mayar, ɗaura, sannan ka hau.
- Ta zauna daidai, yatsa biyu sama da gira, ba a ture ta ƙeya ba. Igiya ta kama, yatsa ɗaya ko biyu kawai su iya shiga ƙarƙashin haɓa.
- Wadda ta taɓa buguwa a jefar da ita ko ba a ga tsaga ba, soson cikinta sau ɗaya yake aiki.
- A gwada birkin gaba da na baya kafin a fita. A rage gudu kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba.
- A doguwar gangara a riƙa kama birki ana saki, kada a danne shi ɗungurungum har ya yi zafi.
- A saman kowane tudu ku dubi kan juna. Wanda igiyarsa ke lilo, kada a gangara da shi.

Idan kuma abin ya faru, don Allah kada ku ɗaga mutum ku ɗora shi a keke don ya ce muku lafiyarsa ƙalau. Wannan "lafiyata ƙalau" ta sha yaudarar mutane. Jini yana iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai, mutum yana hira da dariya, bayan wasu awowi ya yanke jiki ya faɗi. In yana kukan wuya ko bai farfaɗo ba, kada a juya masa kai, kada a ja shi sai dai in mota za ta taka shi, a nemi taimako. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko ya yi amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci na fizgarsa, ko ya rikice, ko jini ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko jikinsa ya kama jijjiga, asibiti kai tsaye, ba a jiran gari ya waye. Mai shan maganin tsinka jini kuwa, ko alama ɗaya bai nuna ba a kawo shi. Wanda aka sallama ma kada a bar shi shi kaɗai a awa 24 na farko. Ku taho mana da hular mu ga inda ta bugu, ku kuma gaya mana gaskiya ko tana kansa lokacin da ya faɗi.